Kwana Goma Sha Biyu a Toa Payoh: Inda Na Ga Iyaye Maza Sun Dawo Gida

A watan Yulin 2025 na je Singafo bikin kammala karatun ɗan ƙanwata. Kafin in tashi daga Kano abokai sun cika mini kunne da abin da zan gani: dogayen benaye, tituna tsaf kamar an lashe, tashar jiragen ruwa da ba ta barci. Duk na gan su, kuma ba a yi ƙari ba. Amma da na dawo aka tambaye ni abin da ya fi tsaya mini a rai, sai na ce wani mutum ne da na gani da sassafe a durƙushe a gindin bene, yana ɗaure wa 'yarsa igiyar takalmi.

Mun sauka filin jirgin sama na Changi agogon hannuna yana nuna ƙarfe ɗaya na dare, alhali a can ƙarfe takwas na safe ne, don sun riga mu da awa bakwai. Ƙasar tsibiri ce 'yar mitsitsiya, faɗinta a lokacin bai wuce murabba'in kilomita 730 da 'yan kai ba. Jihar Kano ta ninka ta fiye da sau ashirin da biyar, amma mutum kusan miliyan shida ke zaune a cikinta. Yaron ya tare ni, muka shiga jirgin ƙasa, ya ce, "Kawu, masaukinka yana kusa da unguwarmu, amma mai gidanmu ya ce a gidansa za ka riƙa cin abinci." Haka kuwa aka yi. Kwana goma sha biyun da na yi, barci kaɗai ke mayar da ni masauki.

Unguwar sunanta Toa Payoh. Yaron yana hayar ɗaki ɗaya a hawa na tara, a gidan wani dattijo Musulmi ɗan ƙabilar Malay, tsohon direban bas da ya yi ritaya. Yara da manya suna kiransa Pak Cik, wato kamar mu ce Baffa, matarsa kuma Mak Cik. Ni ma haka na bi sahu. Daga tagar kicin ɗinsu kana hango benaye jere reras, kowanne da katuwar lamba a jikinsa, ga wanki an shanya a jikin dogayen sanduna da aka zuro ta taga. Na tambayi Pak Cik wane attajiri ne ya mallaki wannan unguwa. Ya yi murmushi ya ce duk gidajen gwamnati ne.

A wurinmu in an ce gidajen gwamnati, abin da ke zuwa a rai shi ne gidajen Shagari, ko Kundila da Gwammaja a Kano, ko Barnawa da Malali a Kaduna: 'yan rukunai da wasu tsirarun ma'aikata suka dace da su. A Singafo kusan mutum takwas cikin kowane goma na 'yan ƙasa a irin waɗannan gidaje suke. Hukumar da ke gina su, wadda kowa ke kira HDB, an kafa ta ranar 1 ga Fabrairun 1960, lokacin da yawancin jama'a ke cunkushe a ɗakunan katako da kwano, ba famfo ba masai na kirki. Ranar 25 ga Mayun 1961, wadda ta zo daidai da Babbar Sallah, gobara ta tashi a unguwar Bukit Ho Swee ta raba mutum kusan 16,000 da muhallinsu. Gwamnatin Lee Kuan Yew ta yi alkawarin sama musu gidaje cikin wata tara, ta kuma cika. Cikin shekara biyar na farko hukumar, a ƙarƙashin shugabanta Lim Kim San, ta gina gidaje fiye da 50,000. A 1964 aka fara sayar wa mazauna da gidajen a kan yarjejeniyar shekara 99, a 1968 kuma aka ba ma'aikaci damar biya daga asusun ajiyar tilas da ake cira a albashinsa. Yau gidajen sun haura miliyan ɗaya, kuma kusan tara cikin goma na masu zama a ciki su ne masu su. Ko Halimah Yacob, da ta zama shugabar ƙasa a 2017, a irin wannan gida take zaune a unguwar Yishun sa'ad da aka rantsar da ita.

Pak Cik ya ba ni wannan tarihi ne muna zaune a wurin da ya fi so a duk unguwar. Yawancin benayen nan ba a yi ɗakuna a hawansu na ƙasa ba, an bar shi fili, ginshiƙai kawai da inuwa da iska, da teburan siminti da bencina. Malay suna ce masa kolong. A nan ake ɗaurin aure da walimar Malay, a nan Sinawa ke zaman makoki, a nan tsofaffi ke buga dara. Da na gan shi sai na tuna zauren gidajenmu na da da dandalin ƙofar gida. Bambancin da na lura da shi tun ranar farko shi ne, wannan zaure ba a korar yara daga cikinsa, kuma mazan da ke zama a ciki yawanci da yaro a gefensu.

Kashegari bayan asuba na sauko shan iska. Tun kafin ƙarfe bakwai kolong ya cika da 'yan makaranta, don makarantun firamare a can wajen bakwai da rabi ake shiga. Na tsaya ina ƙirga masu rakiya. Akwai iyaye mata, akwai kakanni, akwai 'yan aiki, amma maza ba su yi kaɗan ba. Wani Basine sanye da rigar ofis ya rataya jakar ɗansa mai hoton zane a kafaɗa, ko a jikinsa. Wani Ba'indiye cikin kayan aikin kanikanci yana tambayar 'yarsa jadawalin lissafi suna tafe. Sai kuma wancan da na faɗa, ya ajiye hular kwanonsa a ƙasa, ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmi, yarinyar ta dafa kansa don kada ta faɗi. Da ya gama ya miƙe, ya gyara mata ɗan hijabinta, suka kama hanya. Babu wanda ya waiwaya ya kalle shi sai ni.

Da yamma Pak Cik ya kai ni wani filin wasa da unguwar ke alfahari da shi, mai siffar katon macijin almarar Sinawa, an lulluɓe kansa da ƙananan tayil masu launi. An gina shi a 1979, kuma wani ma'aikacin hukumar gidajen mai suna Khor Ean Ghee ne ya zana shi. Pak Cik ya ce ɗansa ya yi wasa a wurin, amma shi bai taɓa kai shi ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Malam, a zamaninmu uba kuɗi yake kawowa. Ina fita suna barci, ina dawowa suna barci. Ban san ranar da ɗana ya fara tafiya ba, labari aka ba ni." Ya yi shiru, sannan ya nuna wani matashi da ke tura keken jarirai, yara biyu na biye da shi. Ya ce, "Ga shi can. Shi ya san ranar da kowannensu ya fara haƙori."

Ɗan nasa ma'aikacin gyaran injuna ne a tashar jiragen ruwa. Gidansa bene uku ne tsakaninsa da na mahaifinsa, kuma da gangan aka yi haka, domin gwamnati na ba da tallafin kuɗi, har dalar Singafo 20,000, ga ma'auratan da suka sayi gidan hannu kusa da iyayensu, cikin tazarar kilomita huɗu. Lokacin da na je matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, shi kuma yana hutun haihuwa. Na ce da shi, wane irin hutu ne namiji ke yi don matarsa ta haihu? Ya bayyana mini cewa a 2013 aka fara ba maza hutun sati ɗaya, gwamnati ke biyan kuɗin. A 2017 ya zama sati biyu na tilas a kan masu ba da aiki. Daga Afrilun 2025 ya zama sati huɗu, ga kuma, a lokacin da na je, ƙarin sati shida da miji da mata za su raba tsakaninsu. Bayan wannan, duk mai ɗa ɗan ƙasa da bai kai shekara bakwai ba, uwa ce ko uba, yana da kwana shida a shekara na kula da yaro. Na ce me kake yi da sati huɗun? Ya ce shi ke wankan jaririn, shi ke kai manyan makaranta, shi ke tashi da dare in jaririn ya yi kuka don uwar ta ɗan runtsa. Ya faɗi haka ne kamar yadda mutum zai ce ya je kasuwa ya dawo.

Daga baya na fahimci cewa wannan hali bai faɗo daga sama ba, shuka shi aka yi. A shekara ta 2000 wasu iyaye maza suka kafa wata cibiya mai suna Centre for Fathering, wadda aikinta kaɗai shi ne koya wa maza zama uba. A 2009 gwamnati ta ƙaddamar da wani gangami na ƙasa baki ɗaya mai suna Dads for Life, wanda daga baya aka danƙa wa cibiyar. Musulmin Malay suna da nasu reshen da suke kira Bapa Sepanjang Hayat, ma'ana uba har ƙarshen rai. Suna kafa ƙungiyoyin iyaye maza a makarantu. Suna kiran maza su raka 'ya'yansu ranar da aka koma hutu. Suna shirya karin kumallo na uba da ɗa, da zangon kwana a daji inda uba da ɗansa za su kafa tanti tare. Tun 2003 suna da wata rana ta cin abinci da iyali, wadda yanzu ake yi sau huɗu a shekara, ranar Juma'ar da ake ba da hutun makaranta, inda ake roƙon kamfanoni su sallami ma'aikata da ƙarfe biyar don su je su ci tare da 'ya'yansu. Har gidan yari suke shiga, su zauna da fursunoni masu 'ya'ya, don kada zaman kaso ya yanke zumuncin uba da ɗa.

Ɗan Pak Cik ya halarci irin wannan bita. Ya ce abu huɗu aka dasa musu: ka shiga cikin al'amuran yaronka, ka dawwama a kan haka ba na rana ɗaya ba, ka san halin da yake ciki, ka kuma nuna masa ƙauna a fili. Ya ce a zaman farko an raba musu takarda aka ce kowa ya rubuta sunan babban abokin ɗansa, da sunan malamin ajinsu, da abin da yaron ya fi tsoro. Ya ce ɗakin ya yi tsit, manyan mutane suna juya biro a hannu. Yana faɗa ina ƙoƙarin amsa tambayoyin a zuciyata game da autata. Na san kuɗin makarantarta har kwabo. Sunan malamarta ban sani ba. A daren nan na daɗe ban yi barci ba.

Wani zai ce ai waɗannan masu hali ne, masu albashi da gidan kansu. Ni ma na faɗa wa Pak Cik haka. Sai ya ce in shirya ranar Asabar, zan raka shi rabon abinci da masallacinsu ke yi. Ya kai ni wani bene da ya bambanta da sauran. Doguwar baranda ce a tsakiya, ƙofofi na fuskantar juna, haske kaɗan, iska kaɗan. Waɗannan su ne gidajen haya na gwamnati, na waɗanda ba su da ƙarfin saye, ɗaki ɗaya ko ɗaki da falo. Kuɗin hayar na mafi ƙarancin samu yana farawa daga dalar Singafo 26 a wata. A nan ake samun zawarawa masu goyo, da tsofaffin da ba su da kowa, da magidanta masu aikin gadi, shara, ko kai saƙon abinci a kan babur. Wata malamar jami'a, Teo You Yenn, ta rubuta littafi a 2018 kan rayuwar waɗannan mutane, ya kuma tayar da muhawara sosai, don ya nuna wa ƙasar ɓangarenta da ba ta cika son kallo ba.

A ɗaya daga cikin gidajen muka tarar da wani magidanci mai 'ya'ya uku. Katifu an jingine su a bango don a sami wurin zama, littattafan yara a cikin kwali, tukunyar shinkafa a kan kujera. Kai saƙon abinci yake yi, matarsa kuma tana aiki a wani kanti. Ya ce da can yakan fita tun hantsi sai tsakar dare, in ya dawo gidan ya yi masa ƙunci, sai ya sauka ƙasa ya zauna da abokai har barci ya ɗebe yaran. Wata rana malamar babban ɗansa ta kira, aka ce yaron ya kwana biyu ba ya zuwa aji, shi kuwa bai sani ba. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ke zuwa gidan ta ce ba za ta ƙara zama da uwar kaɗai ba, sai ranar da uban yake nan. Ta daidaita zuwanta da lokacinsa. Ya ce da farko ya ji haushi, ya ɗauka an zo a nuna masa gazawarsa. Amma tambayar farko da ta yi masa ita ce, me ka iya da kake son ɗanka ya gada? Ya ce gyaran keke. Ta ce to daga nan za mu fara.

Yanzu ya sauya tsarin aikinsa. Yakan tsaya daga ƙarfe uku zuwa biyar, lokacin da oda ke raguwa, ya zo gida. Tun da ɗakin ba ya ɗaukar karatu, sai ya kwashi yaran su sauka kolong, su baje littattafai a kan teburin siminti. Ya ce shi bai yi nisa a boko ba, lissafin babban ma ya fi ƙarfinsa, amma yana zama, yana sauraro, yana sa hannu a takardar makaranta. In an gama su juya tsohon keke su kwance su ɗaura. Na gan su da idona da la'asar ɗin nan, hannun uba da na ɗa duk baƙin mai. Da za mu tafi ya ce da ni, "Baffa, ɗakina bai ƙara faɗi ba, kuɗina ma bai ƙaru ba. Amma yanzu in na yi sallama da gudu suke tarata."

Abin da ya burge ni a nan shi ne yadda hukuma ta bi talaka har ƙofar ɗakinsa. Tun 2016 akwai shirin KidSTART, inda ma'aikata ke ziyartar gidajen masu ƙaramin ƙarfi tun daga goyon ciki har yaro ya kai shekara shida, suna nuna wa iyaye yadda ake ciyarwa, wasa da karatu da yaro. A 2019 aka fara shirin ComLink musamman don iyalai masu yara a gidajen haya, aka soma da unguwanni huɗu kafin a yaɗa shi ko'ina. Daga baya aka faɗaɗa shi, ana ba iyali mai ba da shawara na musamman, ana kuma ƙara musu tallafi in sun sa yaro a makarantar rainon yara yana zuwa a kai a kai, ko sun riƙe aiki, ko suna biyan bashi, ko suna tara kuɗin sayen gida. Cibiyoyin kula da iyali da yawa a gindin benayen suke, ba sai mutum ya shiga mota ba. Ko ɗakin karatu da filin wasa da asibitin unguwa da rumfunan abinci, duk tafiyar ƙafa ce. Uban da ya dawo a gajiye ba ya buƙatar kuɗin mai kafin ya fita da ɗansa.

Masallaci ma bai zauna a baya ba. Musulmi kusan kashi 15 cikin 100 ne na jama'ar ƙasar. Tun 1975 ake cirar ɗan wani abu daga albashin kowane ma'aikaci Musulmi ana zubawa a asusun gina masallatai, kuma na farko da aka gina da wannan kuɗi shi ne Masallacin Muhajirin na nan Toa Payoh, a 1977. A can na yi Juma'a. Ranar Lahadi na koma na tarar da islamiyyar ƙarshen mako, maza zaune a baranda suna jiran 'ya'yansu, wasu da jarirai a ƙirji cikin majanyin zamani. Na tuna cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma yakan taya iyalinsa aikin gida. Na tuna Luƙman da yadda ya zaunar da ɗansa yana masa nasiha. Ashe abin da na zo ƙarshen duniya ina mamaki, namu ne tun asali.

Ba zan ce komai ya daidaita a can ba. Mutanen Singafo suna cikin masu dogon lokacin aiki a duniya. Haihuwa ta ragu ƙwarai, har a 2023 matsakaicin abin da mace ke haifa ya faɗo ƙasa da ɗa ɗaya, kuma wannan fargaba na cikin dalilan da suka sa gwamnati ke lallashin maza. Shekaru da dama maza masu yawa ba sa ɗaukar hutun da doka ta ba su, don tsoron idon maigida a wurin aiki, kuma masu ƙaramin albashi su suka fi barin nasu. Har yanzu nauyin gida ya fi karkata kan mata. Amma na yaba musu da abu ɗaya: sun gane cewa wa'azi kaɗai ba ya dawo da uba gida. Sai suka ba shi lokaci ta hanyar doka, suka ba shi wuri ta hanyar gini, suka ba shi abokan tafiya ta hanyar ƙungiya, sannan suka sa rai zai zo. Pak Cik ya ce a ƙauyukansu na da suna da wata al'ada da suke kira gotong royong, kowa ya fito a yi aikin mutum ɗaya. Na ce mu gayya muke ce mata. Ya ce to tarbiyya ma gayya ce, amma mai gona shi ke fara saran farko.

A jirgi kan hanyar dawowa na yi ta auna mu da su. Bahaushe ba ya ƙin ɗansa. Yana fita tun duku-duku, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, don a ɗora tukunya. Amma mun taƙaita uba a kuɗin cefane, ragon suna, kayan Sallah da bulala. In yaro ya yi laifi a ce bari babanka ya dawo, har sallamar uba ta zama abin firgita, yara su watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Alkunyar ɗan fari, wadda asalinta ladabi ne, ta sa wani ba ya iya kiran sunan ɗansa balle ya ɗauke shi. Mace ta tafi wankan gida ta yi arba'in ko fiye, uba ya leƙa sau biyu. A gidajen haya na birane, inda iyali ke cunkushe a ciki da falo, maigida yakan ci tuwo ya fice majalisa ko teburin mai shayi, sai sha ɗayan dare. Uzurinsa ɗakin ya yi kaɗan. To na ga ɗakin da ya fi namu ƙanƙanta, na kuma ga uban da ya ƙi fakewa da shi.

Da can ba haka muke ba. Manomi da ɗansa suke tafiya gona, maƙeri ɗansa ke masa zuga, malami ɗansa na gefen buzu, ɗan kasuwa ɗansa ke jiran rumfa. A nan yaro ke ɗaukar sana'a da magana da kunya da sanin girman mutane. Aikin albashi da zaman birni suka raba su, ba mu kuwa sa komai a gurbin ba. Sai titi ya karɓa, wayar hannu ta karɓa, abokan banza suka karɓa. In muna kukan shaye-shaye da daba da ƙwacen waya, ya kamata mu tambayi kanmu inda muke lokacin da icen yake ɗanye.

Ba sai mun gina bene hawa arba'in ba kafin mu gyara. Gwamnatin tarayya ta riga ta amince wa ma'aikatanta maza hutun haihuwa na kwana 14 tun 2021. Jihohinmu su yi koyi, wanda aka ba kuma ya yi shi a gida, kada ya mayar da shi lokacin zaga gari. Masu zana rukunin gidaje su bar fili da inuwa inda uba zai zauna da yara, kada a yanka kowane taƙi a sayar. Shugabannin makarantun boko da na islamiyya su ware rana guda a zango da ba za a karɓi wakilcin uwa ko yaya ba, sai uba da kansa. Limamai su yi huɗuba a kan haƙƙin ɗa a kan mahaifinsa kamar yadda suke yi a kan haƙƙin mahaifi a kan ɗansa. Masu unguwanni da 'yan majalisar dare su sa wa kansu doka, ba a haɗuwa sai kowa ya ci abinci da yaransa ya duba littafinsu.

Ranar da zan taho Pak Cik ya rako ni har tashar jirgin ƙasa, jikansa na riƙe da hannunsa. Ya ce abin da ya kuɓuce masa a kan 'ya'yansa shi yake ramawa a kan jikoki, amma ramuwar ba ta cika zama daidai ba. Ya ce, "Malam, kai naka suna gida har yanzu. Kada ka jira jikoki."

Ranar Litinin ta farko bayan dawowata ni na kai autata makaranta. Na shiga har ajinsu, na gaisa da malamarta, na tambayi sunanta na riƙe. A hanya yarinyar ta ba ni labarin ƙawarta da abin da ke ba ta tsoro, abubuwan da shekara tara muna gida ɗaya ban taɓa ji ba.

Ɗan'uwa magidanci, ko a gidan gwamnati kake, ko a gidan haya, ko a gidan gado, yau in ka idar da sallar isha'i ka wuce gida. Majalisa za ta jira ka, ƙuruciyar ɗanka ba za ta jira ba. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana, Ya shirya mana zuriya.